Zoben da Yari Dangamaji Bai Datse Ba

Surajo ya murɗa makulli ya kashe mota, mota ta ƙi mutuwa. Ya zare makullin ɗungurungum ya riƙe a tafin hannu, yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa, inji kuwa sai ƙara haukacewa yake yi. Kukan ya tashi daga gurnani ya koma kururuwa. Farin hayaƙi ya turnuƙe bakin kasuwar albasa ta Aliero, har mutum ba ya ganin wanda ke gabansa. Tsohuwar gingimari ce, an lafta mata buhunan albasa har sun haura bodi. Damanta 'yan bumburutu ne da jarkokin fetur a jere. Hagunta rumfar mata masu tuwo, da wutarsu da goyonsu.

"Ku gudu! Za ta hwashe!" in ji Surajo, ya diro daga mota da takalmi ƙafa ɗaya.

Kasuwa ta watse. Mai kaya ya bar kayansa, jaki ya tsinke igiya, dillali ya manta da ciniki. Mutum ɗaya ne ya nufi wajen kukan, wani tsoho siriri cikin baƙar rigar aiki, yana tafiya da kai a karkace, kunne a gaba, don idonsa ya daɗe da fara yi masa rowa. Ya yi karo da bencin mai shayi. Ya shafa ya ji katako ne mai kauri, ya taka ƙafar bencin ya ɓamɓaro saman.

"Baba Yari, kada ka tahi! Don Allah dawo!"

Bai ko waiwaya ba. Wani ya miƙo masa buhu daga nesa, wai ya toshe da shi.

"Kau da tsumman nan! Haɗiye shi za ta yi, ta haɗa da hannunka!"

Ya taka tayar gaba, ya ɗaga bonet, zafi ya mare shi a fuska. Ya lalubo bututun robar da ke kai wa inji iska, ya zaro wuƙa ya yanke shi, ya kifa katakon a bakin. Ƙarfin zuƙar ya fizgi katakon ya manne shi, gefensa ya matse yatsunsa biyu na dama a jikin wani ƙarfe. Damtsensa kuma ya kwanta a kan bututun hayaƙi mai zafi. Waɗanda suka hango daga nesa sun ce sun ga bakinsa ya buɗe, amma ba wanda ya ji ihun. Da ya ɗaga katakon kaɗan, da yatsun sun fita. Da iska kuma ta shiga. Sai ya bar su a nan, ya danna da ƙirji.

Inji ya yi tari. Ya yi kakari, ya girgiza motar har buhu ya faɗo, sannan ya mutu.

Da aka sauko da shi, rigarsa na hayaƙi, abin da ya fara tambaya shi ne, "Kowa lahiya?" Aka ce lafiya. Ya juya inda yake zaton mai shayi yake, ya ce, "Ka yahe mini bencinka."

Wannan shi ne Baba Yari Dangamaji, bakaniken manyan motoci da ke bayan tashar Jega. Ba a taɓa kiran sunansa a rediyo ba, ba a taɓa rataya masa komai a wuya ba. Yanzu da ido da hannu suka haɗa baki suka ce ya ajiye sifana, ya kamata a faɗi wani abu a kansa tun yana ji da kunnensa. Yabon da aka jira sai an ɗaga makara, na masu rai ne, mai shi bai samu ba.

Wanda ya san bayan tashar Jega ya san safiyar Baba Yari. Daga masallaci sai koko, yana sha matarsa Gudiya tana yi masa mita a kan rigar da ya sake ɓatawa. Daga nan ya taka zuwa gareji, ya share da hannunsa, ya yayyafa ruwa don ƙasa ta kwanta. Sai ya buɗe akwati ya fito da farin ƙyalle ya shimfiɗa a kan tebur. Duk faɗin Jega garejinsa ne kaɗai ake shimfiɗa farin ƙyalle. Sauran makanikai suna wanke hannu in sun tashi daga aiki, shi kuwa kafin ya fara yake wankewa, da sabulu, har gwiwar hannu. Direbobi suka laƙaba masa Limamin Gareji. In sun tsokane shi sai ya ce, "Ku yi dariya. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta zaunar da ku gida." Ranar kasuwa a gan shi Aliero, in kaka ta yi a gan shi Maiyama, a ƙarƙashin motocin hatsi, ƙafafu kawai a waje.

Inji duk yana gyarawa, amma abin da ya sa ake zuwa wurinsa daga nesa shi ne supacaja, wanda 'yan gareji ke ce wa bulowa. Ɗan maƙera ne shi, ya taso yana zuga wa mahaifinsa wuta a Dangamaji, don haka ran da ya fara buɗe wannan abu ya ce tsohon sani ne.

"Inji wuta na, kamar ta maƙera," haka yake faɗa wa direbobi. "Wuta ba ta ci in babu iska. Wanga abu kuwa zugazugi na, shi ka tura iska ciki da ƙarhi, inji shi ci da yawa, mota ta ja kaya."

A cikinsa ƙarafa biyu ne, suna juyi da gudun da ido ba ya kamawa, suna dab da juna amma ba sa taɓawa. A ƙarshensu akwai haƙora da boris, wato ƙwallayen ƙarfen da suke juyi a kai, su kuma cikin baƙin mai suke rayuwa. To tsakanin ɗakin mai da ɗakin iska babu bango sai wasu zobba huɗu na roba da ƙarfe, kowanne a wuyan ƙarfen da ke juyi. Su ake ce wa sil. Su ke tsare mai kada ya tsallaka cikin iska, su ke tsare iskar da aka matsa kada ta sulale ta baya, su ke hana datti isa wurin boris. A ƙaramar mota mai fetur, in sil ya gaji, sai ka ga mota ta yi sanyi, tana shan baƙin mai, tana hayaƙi, har boris ya bushe ya fara niƙa kansa. A babbar mota mai gas kuwa abin ya wuce asara. Mai ya bi iska ya shiga inji, inji ya ɗanɗana ya ji shi ma abinci ne. Makulli gas kawai yake iya yankewa. Mota tana cin jinin jikinta, ba mai tsayar da ita sai wanda ya shaƙe mata numfashi, ko kuwa ta yi ta gudu a tsaye har ƙarfe ya fasa ƙarfe.

"Mai raba hwaɗa na," haka Baba Yari yake ce wa sil. "Ba a sanin aiki nai sai ran da ya daina."

Ba a littafi ya karanta wannan ba. Ƙanensa Waliyyu direba ne, kuma a kan hanyar Maiyama injinsa ya haukace da fasinja a bodi. Waliyyu ya tsaya a mazauninsa yana ƙoƙarin danne motar har kowa ya diro. Kowa ya diro. Shi ne ƙarfe ya fasa inji ya same shi. Bayan an share makoki Yari ya buɗe bulowar, ya tarar da tsofaffin sil da wani ya tsinto, ya wanke da fetur, ya goge suka yi ƙyalli, ya sayar a matsayin sababbi.

Tun daga ranar ya ɗauki al'ada biyu. Duk sabon sil da zai sa, sai ya buga masa ɗigo uku a gefen ƙarfensa, shaidar gidansu ta ƙira, don in ya dawo ya san aikinsa ne. Duk tsohon sil da ya cire kuma, sai ya ɗora shi a kan uwar maƙerar mahaifinsa, ya datse shi biyu da guduma, a gaban mai mota. Ko ana kiran salla, ko tuwo na hucewa. Gudiya ta sha cewa, "Ni dai ban taɓa ganin mutum da ka yanka roba kamar ragon layya ba." Shi kuwa amsarsa guda ce: abin da ya mutu a binne shi, kada wani ya sa masa riga ya kai shi kasuwa.

To, mu koma Aliero. Garin masu ɗori ne, don haka ba a yi nisa da shi ba aka ɗaure masa yatsu da karare, aka shafa wa ƙunar magani, aka ce ya kwanta ya huta. Kashegari sai ga shi a gareji. Ya sa aka jawo motar Surajo zuwa Jega. Ɗansa Nuraddeen, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya tashi a ƙarƙashin teburin nan kuma kowa ya san shi zai gaje shi, shi ya kwance bulowar ya jera kayanta a kan farin ƙyalle. Baba Yari ya bi su da hannun hagu ɗaya bayan ɗaya. Sil biyu da sauran ƙarfinsu. Biyu kuwa sun bushe kamar ƙanzo, leɓensu ya tsage. Yana juya na farko a hannu sai yatsansa ya tsaya. Ya ɗauki na biyu. Ya sake tsayawa.

Ɗigo uku. A kan kowanne.

"Surajo."

"Na'am, Baba."

"Na taɓa taɓa motag ga?"

"Ko sau ɗai, Baba. Ai da kai nab ba, da wanga bai hwaru ba. Wani na yi wa magana bakin hanya, shi kuwa ya sawo kayan wurin wani mai baza su a tasha. Sababbi ƙal, har da takarda."

Baba Yari ya jefa zobban a aljihu. Nuraddeen kuwa sifana ta kuɓuce masa ta faɗi ƙasa, kuma ya daɗe a sunkuye kafin ya ɗauko ta.

Sai bayan la'asar, a zaure, ba kowa, tsohon ya ce, "Nura, miƙo hannunka." Ya zuba masa su a tafi. "Shafa."

Ba sai ya shafa ba. Ya riga ya tuna. Ranar da aka kai Baba Yari Birnin Kebbi a duba masa ido, wata mota da shi Baban ya taɓa gyarawa ta dawo, Nuraddeen ya canza mata sil huɗu. Ya ɗauko guduma ke nan uwarsa ta kira a waya tana kuka, wai likita ya ce idon hagu ya tafi. Ya watsa zobban a kan tulin tsofaffin ƙarafa, da niyyar in ya dawo ya datse. Kafin ya dawo 'yan gwangwan sun kwashe tulin. Ya ce wa ransa ai narkewa za a yi, ya yi shiru da maganar.

"Nawa na?"

"Huɗu, Baba."

"Ga biyu." Tsohon ya dafa zobban a tafin ɗansa. "Saura biyu suna bisa hanya ke nan. Da mutane bisa."

"Baba, ka yahe mini. Ruɗewa niy yi."

"Ba ni kab ɓata wa ba, Nura. Waɗanda kab ɓata wa ba su san ka ba, ba su ma san an ɓata musu ba."

Bai ɗaga murya ba. Nuraddeen ya ce daga baya da ma marinsa ya yi. Abin da tsohon ya yi shi ne ya tashi, ya lalubo akwatin aikin ɗansa, ya zare gudumar datsa, ya soke ta a ƙugunsa.

"Guduma tanga ba ta komawa hannunka sai zobe huɗu sun kwanta bisa uwar maƙera."

Daga nan farauta ta tashi. Mutanen Jega da Aliero da Maiyama sun ga abin da idonsu: Nuraddeen a gaban babur, uban a baya da hannu a ɗaure rataye a wuya. Suka samo mai baza kayan. Ya yi ta rantsuwa shi bai san komai ba. Baba Yari bai kira hukuma ba, bai tara masa jama'a ba. Ya nemi wuri kusa da shimfiɗarsa ya zauna cikin rana, duk wanda ya tsaya sayen kaya sai ya gaishe shi da hannun nan mai karare. Kafin rana ta karkata mutumin ya tuna. Ɗaya ya sayar wa wani Isa, mai motar hatsi a Sarandosa. Ɗayan kuwa wani baƙon direba ne ya saya, bai san sunansa ba, bai san garinsu ba. Abin da ya riƙe kawai, motar shuɗiya ce, da zanen jimina a bodi.

A Sarandosa suka tarar da Isa ya gama lodin gero, mata da yara sun hau kan buhuna za su kasuwa.

"Motata lahiya lau take, tsoho," in ji Isa. "Jiya-jiya tad dawo daga Jega ba ta ko tari ba. In aiki kaka nema, nemi gaba."

Baba Yari ya roƙi arziki a buɗe masa bonet kawai. Ya zura yatsa inda iska ke wucewa, ya fito da shi jiƙe da baƙin mai, ya kamo hannun Isa ya shafa masa a tafi. Isa ya goge a wando ya ce kowace tsohuwar mota tana gumi, ya hau ya tayar. Sai tsohon ya zagaya ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da tayar gaba.

"To bismilla. Ka hwara da ni."

"Wanga wane irin tsohon rigima na? Ku ɗauke mini shi!"

Ba wanda ya taɓa shi. Mahaifiyar Isa ce ta fara saukowa daga kan buhuna, da ƙyar, tana cewa ita ba ta hawa motar da makaho ya gani mai ido bai gani ba. Sauran mata suka biyo ta. Aka kwance bulowar a nan gindin kuka, a kan farin ƙyallen da ya zo da shi a aljihu. Ɗigo uku, leɓe ya fara tsagewa. Isa ya tsaya yana kallon uwarsa. Shi da bakinsa yake ba da labarin nan yanzu, kuma duk inda ya kai wurin tayar sai muryarsa ta sauya.

Uku suka kwanta a kan uwar maƙera. Na huɗu ya ƙi samuwa.

Sun bi tasha tasha. Sun bar saƙo wurin 'yan kamasho, wurin masu shayi, wurin masu faci, har a kara wurin masu shanu: duk wanda ya ga shuɗiyar mota mai jimina, ya tsayar da ita, ko ya zo Jega bayan tasha ya faɗa. Wani ya ce ya gan ta Koko. Wani ya ce ai ta yi kudu da shanu. Wani ya kai su har wani ƙauye, suka tarar shuɗiya ce amma zakara ne a jikinta. Damina ta sauka ta yi nisa. Yatsun suka warke a karkace, ba sa iya riƙe sifana. Idon dama, wanda ake lallaɓawa, shi ma ya bi ɗan'uwansa, sai haske da duhu kawai yake rarrabewa. Likita ya ce babu sauran abin yi. Gudiya ta ce tsohon ya daina cin abincin kirki, kuma ko a tsakar gida yake, in babbar mota ta wuce a titi sai ya dakatar da magana ya karkata kai har kukanta ya ɓace. Nuraddeen kuwa yana aiki a garejin ubansa kamar baƙo. In ya cire tsohon sil sai ya kawo ya ɗora, ya kama hannun uban ya saita masa, uban ya buga da hagu.

Direbobi ne suka ga abin ya isa, suka haɗa taron sallama a bakin gareji. Aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro. Surajo ya zo. Isa ya zo da buhun gero. Mairo mai tuwo ta taso tun daga Aliero da yarinya a hannu, ta ɗora hannun tsohon a kan yarinyar ta ce, "Baba, wagga ita ta a bayana ranan nan. Ga ta tana tahiya." Liman ya yi addu'a, sannan ya gyara murya ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, lokaci ya yi da za a miƙa amana. Kowa ya dubi ƙugun Baba Yari.

Ya dafe gudumar. "Saura ɗai," ya ce.

"Haba Malam," in ji Gudiya daga bakin ƙofa, ba ta damu da taro ba. "Ɗanka na fa. Dube shi yadda yak koma. Au, na manta ba ka gani, to ni ina gani. Kai ka ƙare, shi ya ƙare, a kan roba guda!"

"Ba roba ba ta, Gudiya. Waliyyun wani na."

Nuraddeen ya sunkuyar da kai. Aka ci gaba da tauna goro ba daɗi.

To, Baba Yari, tunda taron bai iya faɗa maka ba, bari a faɗa maka a nan, a karanta maka ka ji. Kai ne ka tafi inda kowa ke gudowa. Kai ne ka bar yatsunka a ƙarƙashin katako don kada wuta ta kai rumfar mata. Amma ba don wannan kaɗai ake jinjina maka ba, don jarumtar yini ɗaya akan samu mai yin ta. Abin da ba a samu shi ne mutum ya yi shekara da shekaru yana wanke hannu saboda abin da mai mota ba zai taɓa gani ba, yana datse abin da da ya bari ba wanda zai tuhume shi. Mutane nawa ne suka hau mota daga Maiyama suka sauka Jega lafiya, suka yi cefane suka koma gida, ba su san akwai ɗigo uku a ƙarƙashin ƙafarsu ba? Ba su sani ba, ba kuma za su sani ba. Aikinka irin na zoben nan ne, Limamin Gareji, ɗan maƙeran Dangamaji: ka tsaya a inda ba a gani, ka raba mutane da abin da zai cinye su, har ka cinye kanka. Mun gode. Allah ya saka maka da hasken da ya fi na ido, ya jiƙan Waliyyu.

Ku kuma masu sifana, daga Jega har inda wannan ya kai, ba a ce ku kwanta gaban taya ba. Guduma dai kowa yana da ita. Abin da kuka cire don ya mutu, ku datse shi kafin ku tashi, ko ana kiranku a waya, ko wa ke kira. Direbobi, in kun ga ƙyalli ku tambayi asali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan ba ta fi bakin farce ba.

An fara naɗe tabarmi ke nan sai ga babur ya shigo da gudu, ya kusa kwashe tiren goro. Wani dogon Bafulatani ya sauko daga baya, da malfa da sanda, ƙafafunsa duk laka. Ba wanda ya san shi. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Salamu alaikum. Ina tsoho mai neman jimina?"

Baba Yari ya miƙe tsaye kafin kowa ya kama shi. "Ga ni. Mi kag gani?"

"Bappa, a kara na ji saƙonka tun rani. Yau muka yi lodi a Katanga, ina bayan mota a kan babur sai na ga zanen. Shuɗiya ce. Hayaƙi take yi fari, kuma kukanta yana hawa yana sauka shi kaɗai. Na ce wa direba ya tsaya, ya ce in ya kashe cikin laka ba za ta sake tashi ba, sai ya kai titi." Ya nuna wajen Katanga da sanda. "Shanuna suna ciki. Da matata, da yara."

Tsohon ya juya kai hagu da dama. "Nura! Ina katakon mai shayi?"

"Ga shi nan bayan ƙohwa, Baba."

"Ɗauko. Da wuƙa, da ƙyalle."

Nuraddeen ya kawo a guje ya tayar da babur. Baba Yari ya sa hannun hagu a ƙugu, ya zare gudumar, ya miƙa ta cikin iska, ba daidai inda ɗansa yake ba. Nuraddeen ya tsaya yana kallonta.

"Baba, kac ce saura ɗai."

"Shi za mu ɗaukowa. Ni kunne, kai hannu. Karɓi mana, hannuna ya gaji." Ya laluba ya hau baya, ya ɗora katakon a kan cinya, ya matso da bakinsa kusa da kunnen ɗansa. "In ka kihwa shi, Nura, komi zahi, kada ka ɗaga."

Babur biyu suka fita, Surajo da Isa suka ruga neman na uku. Gudiya ta tsaya a bakin gareji da kwanon furar da ta dama masa bai sha ba. Ta buɗe baki za ta yi mita, sai ta fasa. Can wajen Katanga, sama da gonakin gero, wani siririn farin abu yana miƙewa sama. Ba gajimare ba ne.